Shekarar da Aka Jefi Sada Tsinke

Ku da kuke zuwa shagona kuna cewa in koya maku aikin sauti cikin 'yan kwanaki, ban san wanda ya gaya maku sana'ar ga jona waya ce kawai ba. Kun ga ana danna waƙa a wayar hannu akwati ya ɗauka, sai kuka ce ai aikin ke nan. Wanda ya zo mani shekaranjiya har cewa ya yi shi ba ya son gyara, a nuna mashi inda ake murɗawa kurum. Na ce ya tafi gida ya murɗa famfo. Sunana Lawal, a Ƙofar Guga kuwa Lawal Mai Lasifika ake ce mani. Na tsufa cikin aikin nan, kunnena na hagu a cikinsa ya mutu. Tun da kun nace, ku zauna ku ji abin da ke ciki, har da shekarar da ta kusa raba ni da shi.

Maigidana Malam Dikko ne, mai gyaran rediyo, Allah ya jiƙan shi. Mahaifina ya kai ni wurinsa ina saurayi, ya ce ga shi nan, in ya ƙi ji a doke shi. Na daɗe a shagon ban taɓa komai ba sai tsintsiya da kaskon gawayi, don a lokacin cikin garwashi muke gasa ƙarfen narka darma, kuma hura wutar aikina ne. Daga nan aka ba ni ɓare bakin waya da reza, ba tare da na yanke silin tagulla ko ɗaya ba. In na yanke, ba ya faɗa, sai dai ya jefo mani wata. Sai da hannuna ya faɗa sannan ya bari na buɗe bayan amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ya koya mani gane abin da ya ƙone da hanci tun ban ɗauko mita ba.

Ranar da ya fara fita aiki da ni, wa'azi ne a ƙofar wani gida bayan la'asar. Muka turo kaya a baro: amfilifaya, batirin mota, makirufo, da lasifika biyu masu ƙaho, irin waɗanda kuke gani bisa masallatai. Tun kafin mutane su taru ya sa na ɗaura ƙaho ɗaya a jikin dalbejiya yana kallon inda malamin zai zauna, ya kunna. Abin ya saki wani irin kuka har kajin unguwa suka watse. Ya bar shi yana yi sai da na toshe kunne, sannan ya kashe. Ya ce in riƙe kukan nan a kaina, duk ranar da na bari ya fita gaban jama'a, kada in ce shi ya koya mani aiki. Ranar na san ƙaho baya yake juya wa makirufo. Na san ana duba inda iska ta dosa kafin a ɗaura, ana duba katangar da za ta maido murya, ana binne waya ko a rataye ta sama saboda akuya da ƙafar mutane. Kuma ko da janareta sabo fil, ba a fita sai da cikakken batir a ƙarƙashin tebur. Ku kuwa in wuta ta ɗauke sai ku tsaya kallon juna kamar an yi maku mutuwa.

Masu ɗaukar mu aiki kowa da irin wahalarsa. Mai wa'azi so yake a ji shi har unguwa ta uku. Matan biki in ka rage ƙara su ce kayanka sun tsufa, in ka ƙara su ce ka tada jariri. Mai shelar dambe kuwa cusa makirufo yake a baki, in an tashi sai ka shanya shi a rana saboda miyau. Manyan mutane kuma ba su fara magana sai sun ƙwanƙwasa shi da zobe, ni kuma ina jin ƙwanƙwasar nan a haƙarƙarina. Da Malam Dikko ya ga idonsa ya fara rauni, ya sallame ni, ya ba ni ƙahonin nan biyu kyauta. Da su na kafa kaina.

Duk cikin waɗanda na riƙe wa makirufo babu kamar Sada Tsinke. Ɗan wasan barkwanci ne na daɓe, ɗan Ƙofar Sauri, dogo siriri, abin da ya jawo mashi sunan ke nan. Mun haɗu a wani bikin suna, ya ji yadda na bi muryarsa, daga ranar bai ƙara hawa dandamali da kayan wani ba. Aiki da mai barkwanci ba irin aiki da mai waƙa ba ne. Sada rabin wasansa a raɗa yake yi. Zai yi ta zuba da ƙarfi, sai ya sauke murya ya faɗi abin dariyar kamar yana gulma, to a daidai nan dole hannunka ya riga bakinsa ɗaga ƙara. Da jama'a sun fashe kuma sai ka sauke, in ba haka ba dariyarsu ta shiga makirufo ta dawo masu da kuka. Ba ya gaya mani inda zai yi raɗar, don shi ma bai sani ba sai ya zo wurin. Kafaɗarsa nake kallo. In ta karkata hagu, na san ga ta nan tafe.

Zamanin soja shi ne bakin mutane. Yana da wani wasa da yake fitowa a Kofur, da tsohon kaki da takalmi wari da wari, ya tsare mai ƙosai a shinge, ya kama ƙosan da laifin yawo ba takarda, ya tsare su a cikinsa. Ba ya ambaton sunan kowa, amma kowa ya san inda aka dosa, kuma a lokacin ba kowa ke iya ko wannan ba. Yana da wani kuma na shugaban makaranta mai gyangyaɗi, wanda yara ke ɗaure wa rawani a jikin kujera. Mutane ba son shi kawai suke ba, gani suke nasu ne. Babban masoyinsa wani mai faci ne, Bishir, wanda ke rufe wurin aikinsa duk ranar wasa. Bencin gaba nasa ne. Shi ke tara matasa su kafa dandamali da durom-durom da katako, shi ke raka Sada gida, har in wani ya yi surutu ana wasa shi ke juyawa ya harare shi.

Sai soja suka ce za su koma bariki, aka buɗe siyasa. A gare mu masu lasifika kaka ce ta zo. Safe kana ɗaure ƙaho bisa motar wannan jam'iyya, yamma kana filin waccan. Ni kowa ya zo ina ba shi, kuma ba wanda ya taɓa ganin laifina, don an san waya ba ta da jam'iyya. A yankinmu takarar kujerar majalisa ta zama tsakanin mutum biyu. Akwai wani Alhaji ɗan kwangila mai gida a GRA, akwai kuma wani tsohon shugaban makaranta da kowa ke kira Hedimasta, wanda talakawan cikin gari suka rungume. Bishir da mutanensa duk na Hedimasta ne, har ba su son jin sunan Alhajin. Sada bai taɓa cewa ga nasa ba. In an tambaye shi sai ya ce shi jam'iyyar tuwo yake, a yi dariya a wuce.

Aikin da ya jawo komai walimar auren ɗan Alhajin ce, a gidansa na GRA, da rana bayan azahar. Ni aka ɗauka sauti, Sada aka ɗauka wasa, kamar yadda ake ɗaukarmu gidan kowa. Na tuna farfajiyar shimfiɗe take da siminti, katanga doguwa ta kewaye ta, sai da na karkatar da ƙahonin ƙasa don kada murya ta riƙa dawowa. Sada na tsakiyar wasan Kofur sai Alhaji ya taso kamar zai yi liƙi. Yana isa ya zare hula daga kan wani yaronsa, irin mai tambarin jam'iyyarsu, ya kifa wa Sada a ka, ya kama hannunsa ya ɗaga sama. Ina kusa, na ga fuskar Sada. Mutum yana gidan wani, gaban baƙinsa, ba ya cire hula ya yar. Sai ya yi abin da ɗan wasa zai yi: ya jawo hular har ta rufe mashi hanci, ya riƙa laluben hanya yana karo da kujeru, yana cewa tun da aka sa mashi abin nan ya daina gani. Wurin ya kece da dariya, har Alhajin. Da ya gama ya aje hular bisa teburina, muka naɗe waya muka tafi.

Amma mai hoto ya riga ya ɗauka, kuma ba laluben ya ɗauka ba, ɗaga hannun ya ɗauka. Ba a daɗe ba gari ya tashi da fasta a kowane bango: ga Alhaji, ga Sada da hula, hannu a sama, an rubuta a ƙasa wai har Tsinke ya bi. Daga Ƙofar Guga zuwa Ƙofar Sauri ba turken wutar da ba a manna wa ba.

Sada ya je gidan Alhaji don a janye fastar, masu gadi suka ce ba ya nan. Ya koma, suka ce yana ganawa. Ya fara yage na bangon unguwarsu da hannunsa, sai aka ce ai kunya ce ta kama shi bayan ya ci. Kafin ka ce wani abu labari ya yi 'ya'ya. Wasu suka ce an ba shi fili, wasu suka ce kujerar Makka, wani ya rantse ya ga sabon babur a zaurensa. Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne yadda suka koma suka tono tsofaffin wasanninsa. Wasan shugaban makaranta mai gyangyaɗi, wanda ya daɗe yana yi tun Hedimasta bai yi mafarkin takara ba, wanda su da kansu suke roƙo a maimaita, shi suka ce ashe zagin ɗan takararsu ne tun farko. Na tsaya a rumfar mai shayi na gaya masu abin da idona ya gani a GRA, na ce ku tambayi duk wanda ya je walimar. Suka ce ai ni ma an biya ni. Na iske Bishir wurin facinsa, ya ƙi ɗago kai daga taya. Ya ce shi hoto ya gani, hoto kuma ba ya ƙarya.

Muna da wasa da aka riga aka sa rana a filin wata firamare kusa da Ƙofar Sauri, bayan la'asar. Na ce wa Sada mu ɗaga shi sai ƙura ta lafa. Ya ƙi. Ya ce mutanen nan shi ya san su, in suka gan shi ido da ido suka ji daga bakinsa, magana ta ƙare, in kuwa ya ɓuya to ya amsa laifi.

Ranar ba wanda ya zo kafa dandamali, ni da shi da wasu 'yan'uwansa muka jera durom muka ɗora katako. Na ɗaura ƙahonin Malam Dikko bisa sanduna a gefe da gefe, na aje janareta can bayan aji don ƙararsa, na jawo waya ta bin gindin bango, batir yana ƙarƙashin tebur. Mutane suka cika filin fiye da kullum. Tun ban ga komai ba na san akwai matsala, don taron da ya zo dariya yana da irin hayaniyarsa, ana ba'a, ana kiran mai gyaɗa, ana rigimar wurin zama. Wannan shiru yake. Ba mata, ba tsofaffi. Bishir yana bencin gaba inda ya saba, ya harɗe hannu.

Sada ya fito a Kofur, ya sara, ya yi tuntuɓen da kullum ke kada mutane. Ba wanda ya motsa. Ya ci gaba, ya kai wurin kama ƙosai, kafaɗarsa ta karkata, na ɗaga ƙara, ya yi raɗarsa, ta fita tas har bayan fili, ta faɗi ƙasa ba mai ɗauka. A cikin shirun nan wani daga baya ya tambaya da ƙarfi nawa aka saye shi. Sai wurin ya ɗauka gaba ɗaya, ba mu yi, ba mu yi, suna buga benci.

Ya cire hular kakin, ya ɗaga hannu yana roƙon a saurare shi. Ya fara magana ke nan janareta ya mutu. Daga baya na iske yashi aka ɗura mashi a tanki. Na sunkuya na maida kaya kan batir kafin su gama murna, muryarsa ta dawo. Wannan ya ba su mamaki, suka ɗan lafa.

Ya ce, “Jama'a, gidan biki na je, kamar yadda nake zuwa gidajenku. Hula kifa mani aka yi, ban roƙa ba. Bishir, ranar sunan ɗiyarka wa ya yi wasa a ƙofar gidanku? Na tambaye ka jam'iyyarka?”

Bishir ya miƙe. Ba shi da makirufo, amma na gaba duk sun ji shi.

“Ranar ai ba ka saida mu ba tukuna.”

Ban ga wanda ya fara jifa ba, kuma ba zan ɗora wa Bishir abin da ban gani ba. Ɓawon rake aka fara da shi, sai takalma, sai duwatsu. Sada bai gudu ba, yana riƙe da makirufo a bakinsa yana ta cewa ku tsaya ku ji. Wani dutse ya sami kan makirufon ya haɗa shi da bakinsa. Ƙarar ta fita ta ƙahonin nan biyu, duk filin ya ji. Ya durƙusa, jini yana bin yatsunsa. 'Yan'uwansa suka ja shi cikin aji suka rufe ƙofa. Da jama'a suka rasa shi sai suka juyo kan kaya. Suka kada sandunan, suka hau ƙahonin da tsalle har suka zama kamar faranti. Ni na kwanta bisa amfilifaya na rungume ta. Wani ya ɗauko katakon benci ya sauke mani a gefen kai. Tun daga ranar ban ƙara jin komai da kunnen hagu ba. Mutanen da suka yi wannan ba baƙi ba ne. Na san iyayensu. Akwai waɗanda ni na riƙe lasifika ranar ɗaurin aurensu.

Sada ya rasa haƙoransa na gaba, aka ɗinke mashi leɓe. Yana kwance bakin a kumbure sai ga mutanen Alhaji, waɗanda da ba su san hanyar gidansa ba, sun zo da mota da jaje. Ina zaune a zauren. Suka ce Alhaji ya ji zafin abin ƙwarai, zai kai shi Kano a sa mashi haƙora, zai ba shi abin hawa. Abu ɗaya suke so, ya hau dandamali ranar babban gangaminsu da ɗinkin nan a bakinsa, ba sai ya yi magana ba, jama'a su ga irin aikin mutanen Hedimasta. Sada ya buɗe baki. Maganar da ƙyar take fita.

“Kun ɗauki kaina haya ban sani ba. Yanzu bakin da aka fasa za ku ɗauka?”

Ya juya masu baya. Suka fita suna cewa butulu ne. Daga ranar ya zama ba shi ga kowa. Mutanen Hedimasta na cewa ya saida su, mutanen Alhaji na cewa ya ci ya goge baki.

Ni ma shekarar ta taka ni. Ɓangaren Hedimasta suka hana a ɗauke ni, wai ni ne lasifikar maci amana. Ɓangaren Alhaji suka riƙa ɗauko kaya daga Kano. Masu biki kuma, waɗanda ba ruwansu da kowa, suka ji tsoron kada a biyo ni da duwatsu har ƙofar gidansu, sai su aiko a ce an fasa kiɗa, da yamma in ji kayan wani na tashi a gidan. A shekarar da kowane mai lasifika a Katsina yake ture aiki don yawa, ni ina zaune ina korar ƙuda. Na saida janareta bayan na wanke mashi yashin. Na koma gyaran rediyo, ina bin kasuwannin ƙauye da akwatin kayan aiki a bayan keke, ina shimfiɗa buhu a gindin itace kamar wanda bai taɓa yin shago ba.

Ƙahonin kuwa ban yar ba. Na sami kututture na fafe shi daidai bakin ƙaho, na riƙa kifa su ina bubbugawa da guduma ta itace, kaɗan-kaɗan, don da ƙarfen gorar ruwa aka yi su, in ka matsa mashi tsagewa yake. Kwayil, wato naɗin wayar da ke ciki, duk ya tsinke, na sayo siririyar waya mai kamar gashi na sake naɗawa da hannu a hasken ƙofa, in ta tsinke in warware in faro. Ɗaya ya tashi, muryarsa da ɗan kaushi amma ya tashi. Ɗayan bai ƙara magana ba. Sannan dole na sake koyon aikin da kunne guda, don mai kunne ɗaya ba ya gane daga ina ƙara ke zuwa, sai na riƙa juya kai kamar kaza kafin in san wane gefe ke neman yin kuka. Wannan ne aikin da kuke cewa a nuna maku inda ake murɗawa.

Sada ya gwada komawa sau ɗaya, a sunan wani ɗan'uwansa, cikin gida, mutane kaɗan. Na je mashi da ƙahon da ya tashi. Iska na fita ta wurin giɓin, raɗar nan tasa ta koma fito. Mutane suka yi dariya, amma giɓin suke wa dariya, kuma ya fi kowa sanin bambancin. Bai ƙarasa ba ya miƙo mani makirufo. Bayan nan surukinsa ya ba shi wani tsohon babur ya fara kabu-kabu, yana tsayawa a bakin Ƙofar Sauri.

Aka yi zaɓe Alhaji ya ci. Ba a daɗe da rantsar da su ba sai ga labari wai Hedimasta ya koma jam'iyyar Alhaji da shi da mutanensa, an ba shi muƙamin mai ba da shawara. Aka shirya babban taron karɓarsa. Filin da girma, kayan Kano ba su isa ba, sai aka tuna da ni. Wanda aka aiko Bishir ne, an naɗa shi shugaban matasa, ya zo da sabuwar shadda da hula mai tambarin nan a kansa. Ya yi sallama, ya gaishe ni, ya tambayi iyali da aiki da gajiya, bai bar komai ba, kamar jiya muka rabu lafiya. Ya ce komai ya wuce, yanzu an zama ɗaya. Ya ce kuma manyan biyu duka sun ce taron ba zai yi armashi ba sai da Tsinke, don a nuna wa jama'a an yafi juna, ko zan raka shi wurinsa.

Na raka shi, don ina son in ji da kunnen da ya rage mani. Muka iske Sada zaune bisa babur a inuwa. Bishir ya durƙusa ya gaishe shi, ya jero saƙon, ya ƙara da cewa sharrin shaiɗan ne da zafin siyasa, kuma har yau shi ba shi da gwani sai Sada. Sada bai katse shi ba. Hular yake kallo.

Da Bishir ya gama, Sada ya ce, “Bishir, taka kifa maka aka yi, ko da hannunka ka sa?”

Bishir ya yi 'yar dariya, ya ce ai siyasa ce, Yaya Sada.

“To ka gaya masu na gode. Ni yanzu ɗan kabu-kabu ne. In akwai inda za ka, hau in kai ka.”

Bishir ya tsaya yana shafa aljihu, ya waiwayo ni ko zan sa baki. Ban sa ba. Wata mata ta zo da buhun gero, Sada ya ɗora mata a tanki, ya tada babur suka tafi.

Ni na yi masu aikin, ba zan ɓoye maku ba, 'ya'yana ba su cin fushi. Na ari janareta, na ɗaura ƙahona mai kaushi tare da na wasu. Ina zaune a teburina Alhaji da Hedimasta suka rungumi juna bisa dandamali, na ɗaga ƙara don a ji suna kiran juna ɗan'uwa. A gabana ga fuskokin da na gani a filin firamare, kowa da hularsa, suna tafi har da tsalle. Ba wanda ya tambayi Hedimasta nawa aka saye shi. Ba wanda ya ɗauki ko tsakuwa.

Ana cikin jawabi na hango Sada can bakin fili, ya kawo wani fasinja mai zuwa taron. Mutumin ya sauka ya sallame shi. Wasu matasa suka gane shi, suka fara kiran Kofur, Kofur, suna ɗaga mashi hannu da fara'a, wasu har sun nufo shi. Bai ɗago kai ba. Ya juya babur ya koma cikin gari neman wani fasinjan. Ya yi shekaru yana kabu-kabu har ƙarfinsa ya ƙare, kuma har Allah ya karɓi abinsa bai ƙara taka dandamali ba.